Neman shawara: ina zan samu hanya mai tudu da gangara ta hawan keke, wadda ba motoci da yawa?

Ɗan Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar keke, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Ni dai asali ba don motsa jiki na sayi keke ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin albashina, sai na samu wani na gwanjo irin na tsere mai siririyar taya ɗin nan da lanƙwasasshen kai na riƙa zuwa aiki da shi daga Unguwar Dosa zuwa wajen Kakuri a nan garin Kaduna. Wata uku na farko wahala ce zalla, amma daga baya wallahi abin ya shiga raina, nauyin jikina ya ragu, barci ya gyaru, har ta kai ranar da ban hau ba sai in ji kamar na manta wani abu a gida. Yanzu duk Lahadi bayan sallar asuba ina yin kilomita 40 ko 50 kafin rana ta yi zafi.

To matsalata biyu ce. Ta farko motoci. Sati uku da suka wuce a baifas wata tirela ta wuce ni kusa da kusa har iskarta ta ture ni na sauka daga kwalta na faɗa cikin tsakuwa, gwiwata da tafin hannuna suka ɗaye, direban ko waiwaye bai yi ba, wani mai shayi ne ya taso ya ɗaga min keken ya ba ni ruwa na wanke ciwon. Tun ranar in na ji ƙarar babbar mota a bayana sai gabana ya faɗi, kuma ban faɗa wa maiɗakina yadda abin ya faru daidai ba don na san za ta ce a sayar da keken.

Ta biyu kuma cikin garin Kaduna ba wani tudu na a zo a gani, ɗan hawa ne da ɗan gangara ka gama. Na kalli gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali a watan Satumba na 2025 a waya, karo na farko kenan da aka kawo ta Afirka, na ga yadda suke hawa tsaunukan Ruwanda ɗin nan kore shar ko'ina, sai na ce to mu ma fa ai muna da duwatsu a jihar nan, me zai hana.

Ina da hutun sati ɗaya a watan Nuwamba. Ina son hanya mai kwalta, mai tudu na gaske, wadda mutum zai yi awa biyu ko uku yana tafiya bai ji hon ɗin tirela a ƙeyarsa ba. Na duba taswira a waya na ga hanyar Kachia ta wajen Kujama da Kajuru kamar akwai duwatsu kuma ba nisa da gari, shin wani ya taɓa binta da keke? Ko Kagoro ya kamata in nufa? Ko Jos? Wanda ya sani ya taimaka min don Allah.

Bazazzage:

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, baifas ba wajen keke ba ne ko da asuba, don manyan motocin da suka kwana a hanya lokacin suke tashi kuma direban bai gama wartsakewa ba.

Kafin hutun naka ya zo, in cikin gari ne ka koma layukan Unguwar Rimi da Malali, irin su Rabah Road da Isa Kaita da Sultan Road, ranar Lahadi daga ƙarfe 6 zuwa 8 kusan kai kaɗai ne a titi sai masu gudu da ƙafa. Ka tsallaka gada ta hanyar Yakowa ka zaga wajen Millennium City ka dawo, akwai ɗan hawa mai tsawo bayan kogi wanda in ka maimaita shi sau huɗu ko biyar ƙafarka za ta san an yi aiki. Ba tsauni ba ne amma ya fi babu.

Mu nan Zariya muna zagaya wajen dutsen Kufena, sai dai in gaya maka gaskiya dutsen kallonsa kawai za ka yi, shi a tsaye yake a tsakiyar fili, hanyar da ke gindinsa shimfiɗaɗɗiya ce kuma yawanci burji ne da yashi, siririyar tayarka za ta sha wuya. Duwatsun ƙasar Zazzau ta arewa duk haka suke, dutse ɗaya nan ɗaya can, hanya ta kauce musu. In tudu kake so wanda hanya ce da kanta ke hawa, sai ka yi kudu ko ka hau Filato.

Tsohon Ɗan Reluwe:

Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna min tambayarka a wayarsa ya ce Baba ga irin zancenka, shi ne na ce ya ba ni in rubuta da kaina, in ka ga kuskure ka yi haƙuri ido ya fara rauni.

Ɗana, Kafanchan za ka je. Na yi shekaru ina aikin jirgin ƙasa a can, lokacin da garin yake mahaɗar layin dogo na gaske, jirgin da ya taso daga Fatakwal ya zo nan ya rabu, wani ya yi Kaduna wani ya hau Jos da Bauchi har Maiduguri. Keke na Raleigh ne baƙi mai kariya, giya ɗaya tal, da shi na san ƙasar nan ƙauye-ƙauye, kuma har gobe ban ga inda ya kai ta daɗin tafiya a kan keke ba.

Ka kwana a Kafanchan, da ka idar da asuba ka kama hanyar Kagoro. Ba nisa, kafin jikinka ya gama ɗumi ka iso. Abin da zan so ka gani shi ne lokacin da gari ke wayewa tsaunin Kagoro yana fitowa a gabanka, dogon bango ne na dutse sama da mita 1,200 daga teku, in ƙarshen damina ne hazo yana kwance a ƙugunsa kamar an yafa masa farin mayafi, ruwa na tsiyaya daga jikin dutsen a wurare da yawa yana ƙyalli. Garin kansa a gindin dutsen yake, itatuwan mangwaro manya-manya sun rufe hanya. Akwai mutanen da har yanzu a kan dutsen suke zaune, da ƙafa ake hawa wajensu, za ka ga mata suna saukowa da kaya.

Daga Kagoro ka miƙe Manchok. Wannan yankin shi ne abin da kake nema, hanya tana hawa tana sauka tana bin gindin duwatsu, gonaki hagu da dama, ba inda za ka yi minti goma a kan shimfiɗa. In ka wuce Manchok ka nufi Ganawuri to ka fara hawan Filato ke nan, hanyar tana fita ta Vom har Jos. Nan ne hawan gaske yake. Ni da Raleigh sauka nake in tura, ba kunya a ciki, har manoman wajen da aka haifa a kan dutse turawa suke yi. Kai da kake da giya wataƙila ka hau a zaune, amma kar ka sa wa ranka sai ka kai Jos a ranar farko, ka hau iya inda numfashinka ya tsaya ka juyo.

Rana ta biyu ka huta da hawa, ka bi hanyar Madakiya ka je Matsirga ka ga inda kogi ke faɗowa daga kan dutse wajen mita 30, a Nuwamba da sauran ruwa sosai, tun kana nesa za ka ji rugugi. In da sauran ƙarfi wata rana ka yi hanyar Kwoi, ƙasar Jaba, inda ƙauyen Nok yake da aka tono gumakan yumɓun nan da suka haura shekara 2,000. Ƙasar citta ce, a lokacin da za ka je an fara haƙa, za ka tarar an tsaga ta an shanya a kan duwatsu da bakin titi, ƙamshinta ya cika iska har ya riƙa sa ka atishawa. Ka kula da wannan shanyar, wani lokaci tana cin gefen kwalta daidai inda mai keke ke bi, kar ka taka wa mutane dukiya.

Watan da ka zaɓa ya yi. Damina a can tana riga ta Kaduna sauka kuma tana daɗewa, daga Afrilu har Oktoba, a Agusta sai ka yi kwana uku ba ka ga rana ba. Nuwamba ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu ba ta rufe duwatsun ba tukuna. In ka bari sai Janairu za ka je ka tarar da tsaunin ya ɓace cikin hazo, kuma ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, garin cika yake maƙil da baƙi da motoci, biki ne mai kyau a kalla amma ba ranar keke ba ce.

Abu ɗaya da nake roƙonka, ka riƙa gaisuwa. Duk ƙauyen da ka shiga ka rage gudu ka ɗaga hannu ka ce sannunku, kowa a can yana jin Hausa. Mutanen ƙasar nan sun sha wahala a shekarun baya, an yi rikice-rikice an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, saboda haka baƙon da ya wuce fuu da baƙin gilashi da hular kwano bai ce wa kowa komai ba dole a bi shi da ido. Wanda ya tsaya ya sayi ayaba ya tambayi sunan gari kuwa, kafin ya kai ƙauye na gaba labarinsa ya riga shi. Ni an sha ba ni ruwa da gyaɗa a gidajen da ban san kowa ba, wata tsohuwa a wajen Manchok ta taɓa ajiye min keke kwana biyu da kacata ta tsinke, na dawo na tarar ta rufe shi da tabarma don kar raɓa ta taɓa shi.

Maman 'Yan Biyu:

Baba ya gama magana Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ba na hawan keke, maigidana ne ke hawa, ni ce mai zaman jiran dawowarsa, don haka bari in faɗi abin da masu hawan ba sa son faɗa.

Ƙanena, ba wanda ya amsa maka tambayar Kujama da Kajuru kai tsaye. Kar ka bi ta da keke kai kaɗai. E akwai duwatsu masu kyau, har da gidan nan mai kama da fadar Turawa da wani Bajamushe ya gina a kan dutse a Kajuru, da can mutane na zuwa yawon buɗe ido. Amma duk wanda ke zaune a Kaduna ya san abin da ƙananan hukumomin Chikun da Kajuru suka gani na satar mutane a shekarun nan, kamar yadda aka san hanyar Birnin Gwari. Jirgin ƙasa ma sukutum an tare shi a Maris ɗin 2022, balle mutum ɗaya a kan keke da kaya masu ƙyalli wanda duk wanda ya gan shi zai ɗauka wani mai kuɗi ne. An ce abubuwa sun yi sauƙi a wasu wuraren kuma muna addu'a ya ɗore, amma sauƙin da mota mai gudu ke samu daban yake da na mai keke da ke hawan tudu kamar tafiyar ƙafa.

Kai kana neman hanyar da ba kowa, ni kuma a wajena hanyar da ba kowa ita ce abin tsoro. Ka nemi wadda ba tirela amma akwai mutane, 'yan makaranta, masu zuwa gona, mata masu tallan masara, 'yan acaɓa jefi-jefi. In ka ga ka yi tafiya mai tsawo ba ka haɗu da ko mai babur ɗaya ba, gonaki kuma ba kowa a ciki alhali lokacin aiki ne, ka juya kawai, mutanen wajen sun san abin da ba ka sani ba.

Maigidana in zai fita nesa sai ya kira wani ɗan garin a daren ya tambayi yadda hanya ta kwana, yana tura min inda yake ta WhatsApp in riƙa gani, kuma mun yi alƙawari azahar ta same shi a masauki. Kuma dan Allah ka gaya wa matarka maganar tirelar nan. Ɓoyewar ta fi faɗuwar ciwo in ta ji a bakin wani.

Ɗan Unguwar Dosa:

Baba na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi ina karantawa kamar ina ganin wurin. Anti na ji kuma na karɓa, na cire Kajuru daga lissafi, maganar gida ma in sha Allah yau zan yi ta. Akwai wani abokin aikina ɗan Kagoro ne, ban taɓa tunanin in tambaye shi ba sai yanzu. Saura maganar keken kansa, ban sani ba ko zai iya hawan da Baba yake faɗa.

Mai Gyaran Keke:

Malam kafin ka tafi ka juya keken ka ƙirga haƙoran faranti. Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ke shigo mana tsofaffin yayi ne, na gaba babba haƙori 52 ko 53 ƙarami 39 ko 42, na baya kuma mafi girmansa bai wuce 23 ko 25 ba. Wannan an yi shi ne don ƙattin da tsere ne sana'arsu, a cikin Kaduna ba za ka gane ba amma ranar da ka haɗu da hawa mai tsawo za ka ga kana tsaye kan feda kana lilo keken ba ya gaba, gwiwa kuma ita ke biyan bashin. Abin da kake so ƙaramin gaba ya zama 34, babban baya 32 ko 34, in sun zo daidai 34 da 34 duk zagaye ɗaya na feda taya ta yi zagaye ɗaya, a hankali kake tafiya amma a zaune kake kuma ba za ka ƙone da wuri ba. Sai dai ka sani in an sa babban faranti a baya sau da yawa sai an canza abin da ke sauya giyar zuwa mai dogon hannu an ƙara tsawon kaca, kar wani ya ɗaura maka haka nan ya ce ya yi.

Taya kuma in mai faɗin milimita 23 ce a kai ka duba in firam ɗin zai ɗauki mai milimita 28, ka sa. Kwaltar ƙauye ba irin ta Independence Way ba ce, akwai ramuka da inda ruwa ya cinye gefe, ga tsidau a bakin hanya da zarar ka sauka daga kwalta ka ɗebo ƙaya uku huɗu lokaci ɗaya.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne maganar tiyub da bawul. Tayarka mai lambar girma 700 ce, a ƙauye abin da mai faci yake da shi na inci 26 ne ko inci 28 irin na Raleigh da Phoenix, kuma 28 ɗin tsohon keke ba ɗaya ba ne da 700 ko da ido ya ga kamar daidai suke, garmahon tsohon ya fi faɗi. Bawul ɗinka ma siriri ne mai ɗan noti a kai, famfon mai faci ba ya kama shi. Na taɓa ganin wanda ya yi tafiyar ƙafa mai nisa yana jan keke mai tsada saboda ɗan ƙarfen da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Ka tafi da tiyub biyu, faci da gam, famfon hannu naka, da ɗan adaftan bawul ɗin ka ɗaure shi a jikin makullinka. Ka ƙara da mahaɗin kaca guda ɗaya da makullan alanki.

Sai birki, wanda ni a wajena ya fi giya muhimmanci, don hawa in ya gagara sauka za ka yi ka tura, gangara kuwa in birki ya ƙi ba ka da zaɓi. Ka sa sababbin robobi da sabuwar waya kafin tafiya. In kana gangara mai tsawo kar ka damƙe birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa, garmaho zafi yake ɗauka sosai har tiyub ya iya fashewa, ka matsa da ƙarfi ka rage gudu ka saki, ka sake matsawa, kuma ka gama rage gudunka kafin ka shiga kwana ba a cikinta ba. Bayan kowace kwana ka ɗauka akwai shanu ko akuya ko yashi da ruwa ya kwaso ya zuba a titi, don mafi yawan lokaci akwai ɗin.

Ruwa gora biyu, ɗaya ka zuba gishiri da sukari irin na ORS. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, ka riƙa ci tun kafin ka ji yunwa.

Ɗan Jos:

Duk da girmamawa ga Baba, ni dai da za ka ji tawa da Jos ka zo kai tsaye ka bar wahalar hawa daga ƙasa. Garin kansa yana kan wajen mita 1,200, kusan ninki biyu na tudun Kaduna, shi ya sa ƙarfe 10 na safe a nan kamar ƙarfe 7 ne a wajenku, kana iya tuƙi har azahar ba ka narke ba. Hanyoyin ƙananan garuruwa masu kwalta sun fi yawa tun zamanin haƙar kuza, ka yi Rayfield ka fita wajen Bukuru da Vom, ko ka yi Lamingo ka nufi gindin duwatsun Shere da suka haura mita 1,800, ga tafkunan da ramukan kuza suka bari ko'ina, ga gonakin dankali da kabeji. Kuma akwai masu hawan keke da yawa da suke fita rukuni ranar Asabar, ba za ka rasa abokan tafiya ba.

Abin da zan hana ka shi ne Hawan Kibo. Kowa in aka ce tudu a Filato shi yake fara ambata, kuma gaskiya hawa ne na gaske ga ruwan Assop a kusa, amma babbar hanyar Jos zuwa Akwanga da Abuja ce, tirela da tanka ke saukowa birki na hayaƙi, haɗarin da ake yi a wajen ba ya ƙirguwa. Wanda tirela ta ture a baifas ba shi da abin nema a can. Mu ma kuma muna da namu wuraren da ba a shiga sai an tambaya, ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos sun sha fama, don haka maganar Anti tana nan daram ko a nan ɗin.

Ka zo da rigar sanyi mai sauƙi, asubar Jos a ƙarshen Nuwamba in kana gangara yatsunka har daskarewa suke ka kasa matsa birki da kyau.

Tsohon Ɗan Reluwe:

Ɗan Jos bai yi ƙarya ba, garinsu ya fi sanyi. Amma wanda mota ta kai shi kan dutse ta ajiye bai san dutsen ba. Ya fara daga gindi tukuna, Jos tana nan ba inda za ta, ya je mata wani hutun.

Ɗan Unguwar Dosa:

Jama'a na dawo jiya da daddare lafiya lau alhamdulillah, na ga ya kamata in zo in ba da bayani tunda ku kuka ɗora ni a hanya.

Na bi shawarar Baba. Na cire tayoyin na naɗe firam da tsohon bargo na shiga mota a tashar Television, direba ya caje ni kuɗin kaya kusan rabin kujera amma ya ɗaure shi da kyau a sama da buhuna, mun yi kamar awa huɗu saboda shingayen jami'an tsaro da ramuka. Abokin aikina ya haɗa ni da ƙaninsa a Kagoro, yaro ne ɗan shekara ashirin da wani abu yana da tsohon keken dutse, shi ya yi min jagora kwana uku kuma shi ke cewa yau mu bi nan, can a bari sai wani lokaci, ban taɓa yi masa musu ba. Mahaifiyarsu da ta ji ni Musulmi ne ta shimfiɗa min sabuwar tabarma a ɗakin baƙi ta aiko da ruwa a buta ba tare da na tambaya ba.

Malam mai gyara, 42 da 25 ne a keken kamar ka gani da idonka, na samu an canza min zuwa 34 da 32 kuma ba don haka ba da ban je ko'ina ba. Na yi faci sau biyu duk tsidau ne. Hawan bayan Manchok ban gama shi ba, na kai wani wuri ƙirjina kamar zai tsage sai na tsaya na jingina keken da wani dutse na juya baya, sai ga ƙasar gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙarƙashina, rufin kwano na ƙyalli nan da can, hayaƙin girkin safe na tashi daga ƙauyuka, ba ƙarar komai sai iska da ƙararrawar wata coci can nesa da kukan zakara. Na fi minti ashirin a wajen, a duk lokacin babur biyu ne da wata tsohuwar fikof mai ɗauke da buhunan masara suka wuce, direban har ya rage gudu ya leƙo ya ce sannu da ƙoƙari.

Anti, na gaya wa maiɗakina maganar tirelar tun ranar. Ta yi fushi na kwana biyu, daga baya ita ta saya min fitilar baya mai walƙiya ja, kuma kullum kafin azahar nake kiranta daga masauki.

Baba na nemi ƙamshin cittar ban samu zuwa Kwoi ba lokaci ya ƙure, amma Matsirga na je, ruwan na nan da ƙarfinsa har feshinsa ya jiƙa min riga daga inda na tsaya. Yaron ya ce in na dawo bayan damina mai zuwa zai nemo wasu abokansa biyu mu gwada kaiwa Vom mu kwana a Jos. Ɗan Jos, in Allah ya kai mu zan neme ka, wa ya san inda ake samun tayar 700 mai faɗin 32 a Kaduna ko sai na aika Kano?